Yadda Akwatin Sarewa Yake Kiɗa da Takarda Mai Huji, da Yadda Ake Huda Masa Waƙa

Akwatin sarewa mai juyi da hannu, wanda Faransawa suke kira orgue de Barbarie, ba ya buƙatar lantarki ko batir. Jikinsa katako ne da fata da ƴan ƙarafa, waƙarsa kuma tana cikin hujin da aka yi wa takarda. Dabarar ta daɗe, domin tun a ƙarni na 9 ƴaƴan Musa bin Shakir su uku a Bagadaza suka bayyana sarewar da ke busa kanta da ƙarfin ruwa, ta hanyar wani gungume mai ƙusoshi da ke juyawa yana buɗe ƙofofinta. Da irin wannan gungumen Turawa suka yi ta aiki, har a garin Mirecourt na Faransa aka riƙa ƙera ƙananan akwatuna don koya wa kanari waƙa. Illar gungume ita ce ƴan waƙoƙi kaɗan yake ɗauka, kuma yawanci kowace tilas ta ƙare a juyi guda. A 1892 Anselmo Gavioli ya yi rajistar littafin kwali mai huji a Paris, yana bin sawun masaƙar Jacquard ta 1804 mai aiki da kwali mai huji, daga nan tsawon waƙa ya koma tsawon kwalin da mutum ya iya hudawa.

Kafin a huda komai ya kamata a fahimci tafiyar iska a cikin akwatin, kuma duk wanda ya taɓa zama a maƙera a Damagaram ya ga rabin aikin. Hannun da ake juyawa yana motsa zuga-zugi guda biyu, ɗaya na shaƙa yayin da ɗaya ke hurawa, su cika wata jakar ajiya wadda sifirin yake danne da ita, don iskar ta riƙa fita da ƙarfi ɗaya ba tare da yankewa ba. Idan jakar ta cika fiye da kima, akwai ƙaramin murfi da ke buɗewa ya saki rarar. Wannan hannun dai shi ne yake jan takardar ta wuce a kan wani sanda mai jerin ƙofofi, kowace ƙofa tana da tiyo ɗinta da ke kaiwa ga sarewa guda.

A yawancin akwatunan da ke amfani da naɗin takarda, akwai ƴar fata mai laushi a kusa da murfin kowace sarewa, wadda iska ke kumburawa ta riƙe murfin a rufe muddin takarda ta toshe ƙofar. Da zarar huji ya iso kan ƙofar sai iskar ta tsere, fatar ta sace, murfin ya buɗe, sarewar ta yi kuka har hujin ya wuce. A wasu masu littafin kwali kuwa, ƴan yatsun ƙarfe ne suke goga cikin kwalin, kowane ya ɗago idan ya sami huji. Ko wace hanya aka bi, ƙa'idar ɗaya ce: matsayin huji a faɗin takarda shi ke zaɓen sarewar da za ta yi sauti, tsawonsa kuma shi ke nuna daɗewar sautin.

Aikin farko shi ne auna sandan ƙofofin. A yanka takarda mai ƙwari daidai faɗin hanyarta, misali milimita 110 a ƙananan akwatunan Jamus masu sauti 20, a ɗora ta a kan sandan, a goga fensir a hankali har alamar kowace ƙofa ta fito, sannan a ja layuka a tsaye daga waɗannan alamomi. A rubuta sautin kowane layi a bakin takardar, kuma a tabbatar da kowanne ta hanyar buɗe ƙofarsa ita kaɗai ana juya hannu, saboda ba kowane maƙeri ne yake jera ƙofofin daga babbar murya zuwa ƙarama ba.

Bayan haka sai a auna gudu. A sa farar takarda, a juya hannun yadda iska za ta wadata har daƙiƙa 10, a auna abin da ya wuce. In santimita 60 ne, to takardar na tafiyar santimita 6 a daƙiƙa, ke nan waƙar da ke da bugu 120 a minti za ta ci santimita 3 a kowane bugu, waƙar minti 3 kuma za ta cinye kusan mita 11. A ja layuka a kwance bisa wannan tazara tun daga farko har ƙarshe. Mai naɗin takarda ya sani cewa sandan da ke naɗe ta yana ƙara kauri yayin da waƙa ke tafiya, gudun ya ƙaru kaɗan kaɗan, don haka a doguwar waƙa ana ɗan faɗaɗa tazarar zuwa ƙarshe. Littafin kwali ba shi da wannan matsalar, tun da robobi masu juyawa ne suke jansa da gudu ɗaya.

Wajen zana waƙa da huda ta ne aikin yake da nauyi, kuma a ganina nan ne ake bambanta gwani da mai gaggawa. A zana waƙar duka da fensir kafin a taɓa ƙarfe, a fara da muryar da ake rerawa ita kaɗai, a huda ta, a saurara, sai an gamsu sannan a ƙara manyan muryoyin da za su raka ta. Ƙarfen huda mai zagayen baki irin wanda dukawa suke amfani da shi ya isa, in dai faɗinsa ya yi daidai da ƙofofin, a kuma shimfiɗa katako mai tauri a ƙasa don bakin hujin ya fita sumul, domin ɗan gashin takarda da ya maƙale yana iya shiga tiyo ya toshe shi. Kada a huda sauti har iyakar tsawonsa. Idan sauti ɗaya zai maimaitu, tilas a bar tazara tsakanin huji da huji wadda ta fi faɗin ƙofar, in ba haka ba murfin ba zai sami damar rufewa ba, sautin biyu su narke su zama ɗaya. Dogon sauti kuma a takarda ba a tsaga shi tsaga guda, sai dai a jera ƙananan huji kusa da kusa a bar siraran gadoji a tsakani, don takardar kada ta yage ko ta karkace. Kuskure yana gyaruwa: a liƙe hujin da guntun takarda ta gefen da ba ya goga sanda.

Akwai iyakar da ya kamata a yarda da ita tun farko. Kowace sarewa sauti ɗaya gare ta, ba ta iya lanƙwasa murya yadda mai algaita yake yi a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ba ta kuma bin hawa da saukar harshe kamar kalangu. Amma waƙoƙinmu da yawa suna tafiya a kan sautuka biyar, don haka suna shiga ƙaramin akwati cikin sauƙi, musamman waƙoƙin gaɗa da na yara masu amshi. Shawarata ita ce a bar su da sauƙinsu, kada a cika su da rakiya, saboda kowace sarewar da aka ƙara tana cin iska, kuma idan da yawa suka buɗe lokaci guda jakar ajiya takan faɗa, muryoyin duka su yi ƙasa.

Wajen kaɗawa, a juya hannun daga gwiwar hannu cikin natsuwa, ba tare da fizga a gangara ba, ido na kan jakar ajiya, wadda ya kamata ta tsaya kusan cike. Saiti kuma ana yinsa da toshiyar da ke kan sarewa: a tura ta ciki murya ta hau, a jawo ta waje ta sauka. Zafi yana ɗaga muryar sarewa, don haka a yi saiti a inuwa, a irin yanayin da za a yi kiɗan.

Yanayin garinmu ba ya sassauta wa irin wannan kaya. Ƙurar hunturu tana toshe ƙofofi, bushewar iska tana tsaga katako ta busar da fata, zafin watan Afrilu yana sassauta gam, da damina kuma takarda takan kumbura ta ƙi bin hanyarta. A rufe akwatin da zane mai kauri, a ɗora shi a kan tebur nesa da bango saboda gara, a riƙa zuƙe ƙurar ƙofofin maimakon hura ta ciki. Idan an juya hannu da farar takarda marar huji amma jakar ta ƙi cika, iska na zurara, sai a bi gaɓoɓin fatar da kunne har a gano wurin. Fatar akuya ta majemar Zinder tana iya maye gurbin ta zuga-zugi idan an fere ta ta yi sirara, amma ƴan fatun murfi suna buƙatar wadda ta fi haka laushi sosai, kuma a canza su ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa.