Yadda Ake Shirya Baje Kolin Zane Domin Tallafa wa Ɗalibai a Katsina

Makarantar da ke son tara kuɗi domin darasin zane da tallafin karatu sai ta fara kafa ƙaramin kwamiti, wanda ya ƙunshi malamin zane, wakilin iyaye, da dattijon da unguwa ta shaida amanarsa. A nemi yardar shugaban makaranta da ta mai unguwa, sannan a buɗe asusun banki da sai mutum biyu sun sa hannu kafin a ciri ko sisi.

Kayan da za a baje su ne ke jawo masu saye. Ban da zanen ɗalibai na hasumiyar Gobarau ko Ƙofar Soro, a roƙi masu sana'a gudummawa: dukawa su kawo jakar fata, masu ɗinki su kawo hula, alarammomi kuma allon zayyana. Kowane kaya a liƙa masa 'yar takarda mai ɗauke da sunan wanda ya yi shi da farashinsa, domin mai saye yakan ƙara kuɗi idan ya ga aikin ɗan maƙwabcinsa ne.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kwanakin Sallah, sa'ad da 'yan gari mazauna Kano, Kaduna da Abuja suka dawo kallon hawa. A ganina, kaya kaɗan masu daraja kawai za a yi gwanjonsu, saboda dogon gwanjo yana korar jama'a.

Tun kafin taro a rubuta yadda za a raba kuɗin: kaso ɗaya na fenti, buroshi da takarda, ɗayan na rajistar jarrabawar kammala sakandare ta NECO ga ɗaliban da kwamiti ya tantance. A karanta lissafin a taron iyaye na gaba, tare da rasit.