Yadda ake gane bugu mai kyau na tsofaffin faya-fayan jaz na Faransa

Mai neman kiɗan makaɗin gita Django Reinhardt ko na mai busa sakso Sidney Bechet a nan Maradi, ko a intanet ko wurin masu tura waƙa a kart memwar, zai tarar da kiɗa ɗaya a bugu goma, kowanne da nasa hoto, kowanne an rubuta masa "remasterisé", wato an sabunta sautinsa. Abin da ya jawo haka shi ne dokar Turai: duk ɗaukar da aka fitar kafin 1963 ta fita daga hannun kamfanin da ya yi ta, kowa na iya buga ta ya sayar. Wasu sukan koma ga asalin ɗaukar su yi aiki na watanni. Wasu kuwa CD ɗin wani suke kwafa, su ƙara masa ƙarfin murya, su canza bango. Rubutun bangon bai isa shaida ba, sai an duba inda aka samo sautin, sannan a sa kunne.

Fara da shekarar ɗauka, domin ita ke gaya maka abin da za ka sa rai. Ƙungiyar Quintette du Hot Club de France ta Django da mai goge Stéphane Grappelli ta fara ɗauka a 1934, lokacin da babu tef a situdiyo. Kai tsaye ake yanka sauti a kan kakin zuma, a lulluɓe shi da ƙarfe a fitar da kwafin ƙarfe, da shi a buga faifan garmaho mai juyi 78 a minti, wanda galibi kowace fuska ba ta wuce minti uku da ɗan wani abu ba. Duk abin da kamfanonin Ultraphone da Swing suka ɗauka a shekarun 1930 haka yake. Mai sabunta irin wannan ba shi da abin komawa sai ƙarfen asali in ya tsira, ko faifai mai tsabta daga hannun masu tarawa. Daga farkon shekarun 1950 tef ya zauna daram, don haka aikin mai busa kakaki Chet Baker na kamfanin Barclay a 1955 da 1956, ko na Bechet a Vogue, ana iya komawa ga tef ɗinsu. A irin waɗannan nemi kalmomin "bandes originales", wato tef ɗin asali, a bayan bango. Bugun da ya faɗi ranar ɗauka, sunayen makaɗa, lambar ƙarfen kowane kiɗa da sunan wanda ya kwashe sautin, galibi na masu mutunta aiki ne. Wanda bai faɗi ko ɗaya ba, a yi hattara da shi.

Ga Django, bugu uku sun yi suna. Frémeaux & Associés a Faransa sun fitar da cikakken aikinsa a kundi 20, kowanne CD biyu, ƙarƙashin kulawar Daniel Nevers, bisa jerin ranaku. JSP na Ingila suna da akwatin ayyukansa na farko da Ted Kendall ya kwashe, sautinsa a buɗe yake, kuɗinsa da sauƙi. Mosaic na Amurka sun tara ɗaukar kamfanonin Swing da HMV daga 1936 zuwa 1948 a CD shida, amma adadi ƙayyadadde suke bugawa, sai dai a samu na hannu. Ga zamanin tef akwai jerin "Jazz in Paris" na Universal da ya fara fita a 2000, ya haura CD ɗari, sai Sam Records na Paris masu sake buga manyan faya-fayai da bangonsu na asali. Mai fara tarawa, a ganinmu, ya fara da JSP. Na Frémeaux na wanda ya riga ya kamu ne, yana son jin har rakiyar da Django ya yi wa mawaƙa.

Gwajin kunne shi ne babban aiki, kuma abin sawa a kunne mai waya ya fi lasifikar salula nesa ba kusa ba. Zaɓi kiɗa ɗaya da ke cikin bugu biyu, misali "Minor Swing" na 1937. Kafin komai daidaita ƙarfin muryarsu, domin kunne yakan zaɓi wanda ya fi ƙara ko da ya fi muni. Saurari daƙiƙa talatin na wannan, ka koma na wancan, wuri ɗaya.

Abu na farko, shuu ɗin faifai. Bugu na gaskiya daga faifan 78 yana da ɗan shuu mai laushi da ke tafiya bai ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kunne yakan manta da shi bayan minti guda. Injinan share hayaniya irin su CEDAR da NoNoise, da suka shigo a ƙarshen shekarun 1980, suna da amfani wajen cire ƙas-ƙas na karce da fashewa. Matsalar tana zuwa ne idan aka matsa musu su cire shuu ɗin gaba ɗaya, saboda yana zaune a wuri ɗaya da saman sautin goge da kaifin bugun tsirkiya. Kamar wankin shadda ne da aka cika wa dirza, datti ya fita, ƙyallin ma ya bi shi. Alamominsa a fili suke: gogen Grappelli ya koma kamar usur, ba a jin jan baka a kan tsirkiya, wutsiyar sauti tana yankewa farat ɗaya maimakon ta mutu a hankali, tsakanin bugu da bugu kuma sai shiru ƙurmus ko wani ɓul-ɓul kamar a ƙarƙashin ruwa. Ƙungiyar Django ta shekarun 1930 ba ta da ganga, gita biyu na rakiya da babban goge na tsaye ne ke riƙe da taki. In ka ji gitocin nan sun dunƙule ba ka iya rabe bugun ƙasa da na sama, an tauye sautin.

Na biyu, sitiriyo na bogi, wato raba sauti tsakanin kunnen hagu da na dama alhali ba haka aka ɗauke shi ba. Django ya rasu a watan Mayun 1953, faifan sitiriyo kuwa sai 1958 ya shiga kasuwa, saboda haka duk kiɗansa ya kamata ya tsaya a tsakiyar kai. In kaurin sauti yana kunnen hagu, siririn yana na dama, ko ana jin amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya, an yi masa ƙari. Amma ba kowace amsa-kuwwa ce laifin mai sabuntawa ba. Kiɗan da mai busa kakaki Miles Davis ya ɗauka a Paris a Disambar 1957 don fim ɗin "Ascenseur pour l'échafaud", tare da Barney Wilen, René Urtreger, Pierre Michelot da Kenny Clarke, da amsa-kuwwarsa ya fito tun bugun kamfanin Fontana na farko. CD ɗin 1988 ne ya kawo ɗaukar ba tare da ita ba, ya haɗa da ta asalin.

Na uku, gudu. Injinan yanka na da ba kullum suke juyi 78 cif ba, kuma kuskuren kashi 6 cikin ɗari yana ɗaga sauti daidai da matsar da yatsa gida ɗaya a wuyan gita. Manhajar saita gita ta salula tana nuna wannan. Ɗan sauka kaɗan ba aibi ba ne, domin Faransa ta daɗe tana saita kayan kiɗa da sautin "La" mai girgiza 435 a daƙiƙa kafin a koma 440.

Wajen saukewa daga intanet, fayil irin FLAC na adana sautin CD yadda yake. MP3 mai 320, wato mafi ingancinsa, yana cin mega 2.4 a minti, ya kuma wadatar, CD 40 na Frémeaux za su tsaya wajen giga 7. Mai 128 yana lalata wannan shuu ɗin ya mai da shi tsatsa-tsatsa. Biyan ƙarin kuɗi don fayil mai 24 bit, wanda ya fi na CD ƙima, na kiɗan 1935 asara ce, asalin ɗaukar bai kai can ba. Wurin mai tura waƙa, a ce ya kwafa fayil yadda yake, kar ya juya shi don ya rage nauyi.

Masu sayen faifai kuma zafin bazara ne abokin gabarsu. Faifan roba da aka bari a mota a rufe da rana, ko a ɗakin kwano kusa da rufi, zai lanƙwashe, kuma ba ya miƙewa yadda yake. A jera su a tsaye, ba a kife kan juna ba, a ɗaki mafi sanyi. Wanda zai taho maka da su daga Yamai ko Kano ya riƙe su a cikin mota, kar a ɗaure su a sama da kaya. Lokacin hunturu a share ƙura da burushi mai laushi kafin kowane juyi, a mayar da faifai rigarsa da an gama, don ƙurar da allura ta taka tana cin layin sauti. Wanki da tataccen ruwa ake yi da ƙyalle marar gashi, ana bin zagayen layi. Tsohon faifan 78 kada alkol ya taɓa shi, narkar da shi yake yi, kuma allurarsa daban ce, kaurin bakinta ya ninka na allurar faifan roba mai juyi 33 wajen sau huɗu. In aka sa siririyar sai ta nutse ƙasan layi ta kwaso hayaniya.

Injin juya faifai da aka sayo daga Faransa ya dace da kuran ɗinmu, 220 da 50 Hz. Na Amurka an yi shi don 60 Hz, in motar da ke juya masa faifai mai bin kuran ce zai yi jan ƙafa ko da an sa masa taransifoma. Irin wannan mota kuma takan yi rawa a kan gurup idan an ɗauke wuta, sai a ji sautin fiyano yana lilo. Yawancin allurai na yanzu nauyin giram biyu ko kusa da haka suke so, a duba takardar allurar a saita da ɗan sikeli, domin rashin nauyi yana sa ta tsalle ta karce faifai fiye da ɗan ƙarin nauyi.