Yadda za ka bibiyi ɗan majalisarka bayan an gama zaɓe

Da farko dai ka san wane ne naka, don wallahi a majalisar shayi za ka ji mutum yana ta jayayyar jam'iyya har wuyansa ya tashi, amma ka tambaye shi sunan mai wakiltar Dala ko Fagge sai ya fara sosa ƙeya. Kano na da sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 24, 'yan majalisar jiha 40, kowa da hurumin sa, kwatar layinku ba ta sanata ba ce, kansila da ciyaman za ku fara tara.

Sai kasafin kuɗi. Ku nemo ayyukan mazaɓa da aka rubuta da sunan unguwarku, Tracka, shafin bibiyar ayyukan gwamnati, na wallafa su a intanet, in an ce rijiyar burtsatse ku taka ku je wurin, ku ɗau hoto da waya har allon ɗan kwangila. In ba komai sai fili da awaki, ku rubuta wa ma'aikatar da aikin ke hannunta takarda da sunan ƙungiyar unguwa, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku, wannan kwafin kar ya ɓata. Ma'aikatar tarayya ce? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba su kwana 7 su amsa.

Kuma don Allah kar a je da roƙon kuɗin suna ko biki, da ka karɓi ambulan bakinka ya mutu.

Kiranye akwai shi a sashe na 69 da 110 na tsarin mulki, amma sai sama da rabin masu rajista sun sa hannu INEC ta tantance, na Sanata Dino Melaye na jihar Kogi a 2018 a wajen tantancewar ya ruguje. Gara ku kira shirin siyasa a rediyo da hujjarku a hannu.