Yadda Ake Auna Furotin na Zafi da Otofaji a Kumburin Hanji

Ɗalibin da zai yi bincike a kan kumburin hanji yana bukatar ya san masu gadi biyu da ke cikin ƙwayoyin halittar bangon hanji. Na farko su ne furotin na zafi, irin su HSP70 da HSP25, waɗanda Ferruccio Ritossa ya fara ganin alamarsu a 1962 a jikin ƙudan kayan marmari, kuma aikinsu shi ne su tallabi furotin da ya fara lanƙwashewa su miƙar da shi. Na biyu shi ne otofaji, wato yadda ƙwayar halitta ke ƙunshe tarkacenta da ƙwayoyin cutar da suka kutsa mata, ta kai su laisosom, wata 'yar jaka mai narkar da abubuwa a cikin ƙwayar, a narkar da su. A kan wannan ne Yoshinori Ohsumi ya karɓi kyautar Nobel a 2016, kuma tun 2007 aka danganta wani sauyi a ƙwayar gadon ATG16L1 da cutar Crohn, wani nau'in kumburin hanji.

Bayan an sami izinin kwamitin kula da dabbobin gwaji, hanyar da aka fi bi don haddasa kumburin ita ce a zuba sinadarin DSS, mai lahanta bangon hanji, kamar kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, a ruwan shan ɓeraye na kwana 5 zuwa 7. Kullum a auna nauyinsu, a duba ko kashinsu ya yi ruwa ko ya zo da jini. Ɓerayen kwatanci su kasance 'yan ciki ɗaya da na gwajin, domin ƙwayoyin bakteriya na hanji da sinadarin butiret da suke samarwa suna tayar da HSP70, sai bambancin keji kawai ya ɓata lissafi.

Ranar yanka, a auna tsawon babban hanji, wanda ke gajarcewa idan ya kumbura, sannan a riƙa yanko nama daga wuri ɗaya a kowane ɓera, a daskarar da shi nan take. Gaggawar nan ba ado ba ce, domin furotin na zafi ba zafi kaɗai ke tayar da su ba, kowace irin wahala ma tana yi. A lura kuma da lokacin cin abinci, tunda yunwa da kanta tana zaburar da otofaji.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen karanta LC3, furotin da ake auna otofaji da shi. A gwajin Western blot, wanda ke nuna furotin a matsayin layuka, furotin ɗin yana fitowa layi biyu, LC3-I a sama da LC3-II a ƙasansa, kuma mai ɗoki da ya ga layin ƙasa ya yi kauri sai ya rubuta cewa otofaji ya ƙaru. Tarin shara a bakin titi yana iya nufin an yi shara sosai, yana kuma iya nufin motar kwasa ba ta zo ba. Don a raba gardama, sai a toshe laisosom da gangan da bafilomaisin ko kulorokwin, wanda dai aka sani na zazzaɓin cizon sauro, a kwatanta da samfurin da ba a toshe ba. Idan LC3-II ya ƙara taruwa bayan toshewar, aikin yana gudana. Idan bai motsa ba, dama hanyar a toshe take. A haɗa da furotin p62, wanda yawanci yake raguwa idan narkarwar na tafiya daidai, ko da yake kumburi kan ƙara yawan samar da shi, don haka ba a dogara da shi shi kaɗai.

A ganina, sakamakon naman da aka niƙa gaba ɗaya bai isa hujja ba, domin hanji mai kumburi cike yake da ƙwayoyin garkuwar jiki da suka kwararo. Sai an rina sirarin yanka an duba a madubin likita kafin a san wace ƙwaya ce ta canza. Mai neman ƙwayoyin Paneth, wani nau'in ƙwayoyin bangon hanji inda lahanin ATG16L1 ya fi bayyana, ya ɗebi samfuri daga ƙarshen ƙaramin hanji, domin babban hanjin ɓera ba ya da su.