Idan an haifi jariri an kasa gane mace ce ko namiji: abin da za ku yi kafin ranar suna

Tambayar farko da ake jefa wa ungozoma ita ce "me aka samu?" to akwai ranar da ungozoma za ta duba ta sake dubawa ta yi shiru. Mu nan mata-maza muke cewa, malaman fiƙihu kuma tun da can suna da babin khunsa har a rabon gado, wato abin ba yau ya fara ba, kuma ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba wani abu uwar ta ci ba.

Bari in ɗan faɗi yadda halittar take tukuna, don in ba ku gane ta ba shawarar da ke ƙasa ba za ta shige ku ba. Kowa na da kuromosom 46, wato 'yan zaren da ke ɗauke da gadon halitta a jiki, rabi daga uwa rabi daga uba, a cikinsu akwai masu tantance mace ko namiji, X da Y. Ƙwan uwa X kawai yake ɗauka, maniyyin uba ne ke zuwa da X ko Y, XX mace, XY namiji (masu yi wa mace gorin haihuwar 'ya'ya mata sai ku ji da kyau). Amma har wajen sati na 6 na ciki duk 'yan tayi iri ɗaya suke. A kan Y akwai wani ɗan ƙwayar gado, SRY, wanda aka gano a 1990, shi ne ke ba da umarnin a gina 'yan maraina, su kuma su fara fitar da homon biyu, wato sinadarai masu kai saƙo a jiki, ɗaya testostiron mai gina gaban namiji, ɗayan kuma aikinsa ya hana mahaifa fitowa. In ba wannan umarnin sai jiki ya bi hanyar mace. To ko'ina a cikin wannan jerin za a iya samun tangarɗa.

Abu na farko, ku tafi babban asibiti a satin nan, kar ku ce sai an yi suna ko sai mai jego ta gama wanka. Dalili kuwa, abin da ya fi yawan jawo wannan shi ne CAH, matsalar wasu 'yan ƙananan halittu da ke zaune a saman ƙoda. Sun kasa yin homon ɗin da ya kamata sai suke ta zubo na maza, yarinya XX mai mahaifarta da komai sai a haife ta gabanta ya yi kama da na namiji. Wannan ba shi ne abin tsoron ba ma, abin tsoron shi ne yawancinsu gishirin jikinsu zubewa yake ta fitsari, a sati na biyu zuwa na uku sai jariri ya fara amai, ya ƙi kama nono, ya yi laƙwas, yana ramewa, kafin a ankara an rasa shi ana cewa mayu ne. Alhali akwai magani, hydrocortisone da fludrocortisone da ɗan gishiri bisa awon likita, ana sha kullum kuma yarinya ta girma ta yi aure ta haihu. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Sakkwato da Maiduguri, can ake samun likitocin yara masu wannan fannin, a Nijar kuma a nufi babban asibitin Yamai ko na Damagaram.

Na biyu, dan Allah kar wanzami ya kai aska wajen. Ba kaciya, ba "gyara". Ko da yaron namiji ne sak amma ƙofar fitsarinsa tana ƙasa ba a kan kai ba, fatar nan da za a yanke a jefar da ita likitan tiyata yake amfani wajen gyaran.

In kun je, za a ɗebi jini a duba gishirin jiki da sukari, a yi gwajin 17-OHP mai nuna ko CAH ne, wanda sai jariri ya kwana biyu ake yi, a yi sikanin a ga ko akwai mahaifa, sannan gwajin kuromosom, shi wannan yakan ɗau lokaci kuma da ɗan tsada, ku yi haƙuri da shi. Ku gaya wa likita gaskiya in auren zumunci ne, da kuma in an taɓa rasa jarirai a gidan cikin watan farko, musamman maza, don namiji mai CAH lafiya lau yake fitowa ba wanda zai zargi komai. Ciwon sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi yake bayyana, kamar sikila, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4.

Batun dangi kuwa, ni a ganina ba dole sai kowa ya sani ba. Ku ce jariri ba lafiya yana asibiti, gaskiya kuka faɗa. Ku dakata da yankar takardar haihuwa har sakamako ya fito, don canza suna bayan unguwa ta riga ta ci rago ya fi wahala nesa ba kusa ba.

Wani kuma ba a ganewa sam sai an balaga. Yarinya ta kai 15 ba ta fara al'ada ba alhali ƙirji ya fito, wani lokacin XY ce amma jikinta ba ya jin testostiron ko kaɗan, sai ta tashi mace ba mahaifa. Akwai kuma akasin haka, a wani ƙauye a Jamhuriyar Dominika an yi rahoto a 1974 kan yaran da aka yi rainonsu a matsayin mata, da suka kai wajen shekara 12 murya ta buɗe gaba ya girma, an haife su kamar mata ne saboda sinadarin da ke ƙarfafa testostiron tun a ciki ne babu. Irin waɗannan ma asibitin za a kai su, kuma tunda sun yi wayo a bar su su shiga wajen likita su yi magana da bakinsu, ba a yanke komai a bayan idonsu ba.