Yadda za ka hana membiren ɗin injin RO toshewa

Masu gidan ruwan leda, in ruwan da injin RO, wato injin tace ruwa, ke fitarwa ya ragu da kashi 10 zuwa 15 ko firesha ta hau, to lokacin wanke membiren ya yi, wato siririyar fatar da ke tace ruwan a cikin injin, kar ka jira sai ya tsaya cak. Yawanci kalsiyam ɗin ruwan bohol ne ke daskarewa a jikin membiren, irin farin ɓawon nan na cikin butar shayi. Shi da sitirik asid ake wanke shi, pH (ma'aunin tsamin ruwan wankin) wajen 2 zuwa 3. In kuwa yauƙi ne da datti, kostik soda ce maganinsa, pH 11 zuwa 12, kowanne daban ake yi a ɗauraye sosai tsakani.

Amma rigakafin ai ya fi araha wallahi. Ka dinga sa antiskalan, wato maganin hana ɓawon kamawa, ka canza fita (matata) mai maikiron 5 da zarar ta yi datti, kuma kar ka yarda kulorin ya isa membiren don cinye shi yake, shi ya sa ake sa fitar gawayi a gaba. Wasu suna matse bawul ɗin ruwan da ake zubarwa wai asara ce, nan ne fa gishirin ke taruwa ya kama. Kafin ka kashe inji kullum ka yi fulashin, wato ka ɗauraye membiren da ruwa, na 'yan mintuna.