Yadda ake sanya tsohon gida cikin gine-ginen tarihi a birnin Austin

Yawancin waɗanda na ga sun ɗauki wannan aiki a Austin, babban birnin jihar Texas a Amurka, suna shiga ne da hujja ɗaya: gidan ya tsufa. Tsufa kaɗai ba ya kai ka ko'ina. Shekara 50 ita ce ƙofar shiga, kuma gidajen da suka haura haka a birnin sun fi gaban lissafi.

Ka fara gane abin da kake nema. A Austin ba allo kaɗai ake ba ka ka liƙa a bango ba, matsayin filin ake sauyawa a tsarin birni. Idan filinka yana ƙarƙashin SF-3, wato rukunin gidajen zama na iyali, za a ƙara masa harafin H, alamar ginin tarihi, ya koma SF-3-H. Harafin nan yana bin filin, ba mai filin ba. Ko ka sayar, ko magada sun raba gado, yana nan daram. Kada ka rikita shi da rajistar wuraren tarihi ta tarayya wadda dokar 1966 ta kafa. Waccan karramawa ce, ba ta hana mai gida rushe abinsa da kuɗinsa. Amfaninta a nan ɗaya ne: idan gidan yana cikinta da sunansa shi kaɗai, an rage maka wahalar kawo hujja. Kasancewarsa a unguwar da aka yi wa rajista gaba ɗaya bai wadatar ba, kuma mutane da yawa a nan suke ruɗuwa.

Kafin ka kashe ko dala ɗaya, tsaya a bakin titi ka dubi gidan. Ana son ya riƙe kamanninsa na asali. Tagogin katako da aka cire aka sa na roba, barandar gaba da aka toshe aka mayar ɗaki, bene da aka ɗora a sama, duk waɗannan suna rage masa daraja. Ƙari a bayan gida, inda mai wucewa ba ya gani, yawanci ana iya haƙura da shi. Ni dai idan fuskar gidan ta sauya sosai, shawarata ka gyara ta tukuna ko ka bar maganar.

Daga nan sai sharuɗɗa biyar, kuma dole gidan ya cika aƙalla biyu: salon gini, alaƙa da mutane ko al'amuran tarihi, kayan tarihi a ƙarƙashin ƙasa, muhimmanci ga al'umma, da fasalin filin kansa. Manta da na uku da na biyar, gidan zama da wuya ya same su. Salon gini kuwa ido yana gani. Wurin da ake faɗuwa shi ne alaƙar tarihi, don haka a nan zan daɗe.

Abin da ake so shi ne ka nuna wa ya mallaki gidan, wa kuma ya kwana a cikinsa, tun daga ranar da aka gina shi. Jeri biyu ne daban. Na mallaka yana ofishin magatakardan gundumar Travis, inda mafi yawan birnin Austin yake: ka fara da takardar mallakarka, ka ga wa ya sayar maka, ka nemo wa ya sayar masa, kana komawa baya har ka kai lokacin da filin yake fili. Ka riƙa bin lambar fuloti da sunan rukunin filayen, kada ka bi adireshi. Adireshi yana sauyawa. Titin da ake kira Martin Luther King a yau Titi na 19 ne a da, Cesar Chavez kuma Titi na 1. Wanda bai san wannan ba sai ya ɓata mako yana binciken gidan maƙwabci.

Jerin mazauna kuma yana cikin tsofaffin kundayen adireshin birni da ke Cibiyar Tarihin Austin. Kundayen nan suna ba ka suna, da sana'a, da sunan mata, sau da yawa har da alamar ko mai gida ne ko ɗan haya. Ka bi su kundi bayan kundi. Masu gaggawa suna tsallake shekara goma goma, kuma mutumin da tarihinsa zai zama hujjar takardarka yana iya zama a cikin shekarun da aka tsallake. Idan ka sami suna, ka bi shi cikin ƙidayar jama'a, wadda ta 1950 aka buɗe wa kowa a 2022, da sanarwar rasuwa a tsofaffin jaridun birnin. Sanarwar rasuwa ta fi komai amfani, domin a nan ake faɗin cocin da mamaci yake zuwa, da ƙungiyoyinsa, da inda ya yi aiki.

Sai taswirorin Sanborn, waɗanda aka zana domin kamfanonin inshorar gobara. Launi yana gaya maka da me aka yi ginin: rawaya katako, ja-ja bulo, shuɗi dutse. Ka jera taswirar wata shekara da ta wata, za ka ga lokacin da gidan ya bayyana da lokacin da aka yi masa ƙari. Da wannan ake kashe gardamar shekarar gini, ba da abin da dillali ya rubuta a talla ba.

Kada ka ɗauka sai gwamna ko attajiri ya zauna a gidan. Sharaɗin ya haɗa da yadda wata al'umma ta rayu a wani zamani. Tsarin birni na 1928 ya tura baƙar fata zuwa gabashin Austin, saboda haka gidan malamar makaranta ko mai aski a can yana iya ɗaukar labari mai nauyi. Matsalar ita ce jaridun wancan lokaci ba su cika rubuta irin waɗannan mutane ba. Dole ka je coci, ka zauna da tsofaffin unguwa, ka naɗi muryarsu da izininsu. Ka yi wannan da wuri, domin tsofaffi ba sa jiran takarda.

Wasu suna ɗaukar ƙwararren mai bincike su biya shi. Idan aljihu ya yarda, madalla, amma ka fara haɗa jerin mazauna da kanka, sa'o'in da za ka biya shi su ragu. Kuɗin shigar da takarda ma yana sauyawa, ka duba jadawalin shekarar kafin ka yi kasafi. Kuma ka biya duk harajin gida da ake bin ka, don za a nemi takardar shaidar haraji.

Kafin ka miƙa, ka kai abin da ka tara ofishin adana tarihi na birnin su duba. Su ne za su rubuta shawara ga hukumomi, kuma takardar da ma'aikatan ba su goyi baya ba tana shan wuya.

Sauran hanyar zama uku ce: hukumar gine-ginen tarihi, sai hukumar tsara birni, sai majalisar birni wadda take da kalmar ƙarshe. Za a aika wa maƙwabtan da ke cikin ƙafa 500 wasiƙa. Ka riga wasiƙar isa ƙofarsu, ka yi musu bayani da bakinka. A wurin zama mintoci kaɗan ake ba ka, ka yi magana kan sharuɗɗa biyun da ka zaɓa kawai. Idan kuma gidan ba naka ba ne, mai shi bai yarda ba, dokar Texas ta 2019 tana neman kashi uku cikin huɗu na ƙuri'u, wato tara daga cikin 11 a majalisar Austin. Da wuya hakan yake samuwa.

Bayan an ba ka H, duk gyaran da ya shafi wajen gida sai da izini, cikin gida kuwa naka ne. Akwai rangwamen harajin gida, amma yana da iyaka, kuma kowace shekara kake nemansa a ofishin ƙiyasta kadarori na Travis kafin ƙarshen Afrilu. Ana zuwa duba gidan, idan an ga rufi yana yoyo ko katako ya ruɓe, rangwamen shekarar yana iya wuce ka.